Bargon Tsumma da Ya Shiga Gidan Tarihi: Labarin Matan Gee's Bend

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda suka ce data ba ta barinsu su saurara har ƙarshe.

Yau maganar allura da zare za mu yi, kuma kafin wani ya ce me ya haɗa mu da ɗinki, ku ba ni aron hankalinku tukuna. Duk mai leƙa Instagram ko Pinterest ya taɓa cin karo da masu wani irin ɗinki na sha'awa: mutum ya yanka ƙyallaye kala-kala, ya riƙa haɗa su ɗaya bayan ɗaya, duk sati ya ɗauki hoto ya nuna inda ya kai, sai ya yi wata shida ko shekara kafin abin ya zama bargo. Turawa na kiran wannan bargo kwilt. Mu a shirin nan bari mu ce masa bargon ƙyalle. Hawa uku gare shi. Na sama shi ne ƙyallayen da aka harhaɗa, na tsakiya auduga, na ƙasa shimfiɗar yadi, sai a bi duka ukun da allura a game su don kada audugar ta dunƙule idan an wanke.

Mai sha'awa a yau sabon yadi yake saya a kanti, ya yayyanka shi da gangan, ya sake haɗawa. Matan da suka fi kowa suna a wannan ɗinki kuwa ba sha'awa ce ta sa su ba. Sanyi ne, da talauci. Suna wani ƙauye a jihar Alabama ta kudancin Amurka, ana ce masa Gee's Bend.

Ku fara gane yadda wurin yake, don rabin labarin yana nan. Kogin Alabama ya zo daidai nan ya yi kwana kamar kofaton doki, ya zagaye ƙasar ta ɓangare uku, hanyar ƙasa ɗaya ce tak ke shiga. Garin Camden, hedikwatar gundumar Wilcox, inda kotu take da kantuna da ofishin rajistar zaɓe, yana can tsallaken ruwa. Da jirgin fito 'yan mintuna ne. In babu jirgin, sai ka zagaya ta ƙasa, tafiyar kilomita sittin da wani abu.

A 1816 wani farar fata mai suna Joseph Gee ya zo daga jihar North Carolina da bayi 18, ya kafa gandun auduga a cikin wannan kwanar, daga nan wurin ya samo suna. A 1845 gandun ya koma hannun wani ɗan'uwansu, Mark Pettway, a madadin bashi. Shekara na zagayowa Pettway ya taso da iyalinsa da bayi sama da ɗari. Su bayin a ƙafa suka zo, tafiyar da ta haura kilomita dubu, ku ɗauka kamar a ce mutum ya taka daga Kano zuwa Legas. Shi ya sa idan kuka duba sunayen matan da za mu ambata za ku ji Pettway, Pettway, Pettway. Ba wai duk 'yan gida ɗaya ba ne. Sunan ubangida ne da aka liƙa wa bayi, ya bi jikokinsu har yau.

Da aka soke bauta a 1865, yawancinsu ba su je ko'ina ba. Ina za su? Suka zauna a gonakin da suka sani, yanzu a matsayin 'yan haya da 'yan noma-mu-raba. Tsarin kuma sananne ne: ɗan kasuwa a Camden ya ba ka iri da abinci bashi da bazara, da kaka ya karɓi audugarka ya yi lissafi shi kaɗai, ka wayi gari har yanzu ana binka.

Gidajensu na gungumen itace ne, iska na shigowa ta tsakanin itatuwan. Sukan lilliƙa tsofaffin jaridu da shafukan mujallu a bango don toshe ta. Dumi kuwa sai na murhu. To a gida mai yara takwas ko goma, kowane gado na bukatar barguna da yawa a jibge, kuma babu kuɗin sayen ko ɗaya. Nan ɗinkin ya samo asali. Wandon gona da ya mutu, rigar da ta ƙi karɓar faci, buhun taki, buhun fulawa, duk ba a yarwa. Audugar tsakiya kuma ragowar gona ce ko wadda aka tsinto a wajen injin gurza, a buge ta da sanda har dattin ya fita. Mace ita kaɗai take haɗa fuskar sama, galibi bayan an gama aikin gona. Idan ta gama, sai maƙwabta su taru, a ɗaure shi a firam na katako, a zauna kewaye ana ɗinki ana waƙa. Gayya ce dai irin ta mata.

Abin da ya bambanta su da sauran masu wannan ɗinki a Amurka shi ne ba su damu da bin littafi ba. A al'adar da aka fi sani, akwai zane da ake kwafa, kowane ƙyalle a auna shi, kowace kusurwa ta haɗu da 'yar'uwarta daidai wa daida. Matan Gee's Bend sun san waɗannan zanuka, amma da yawansu sukan fara da zanen, su saki hanya a tsakiya. Suna ma da suna ga wannan salo, ma'anarsa a Hausa "yadda na ga dama". Akwai zanen da suka fi so da suke kira rufin ɗaki: murabba'i a cikin murabba'i a cikin murabba'i, kamar mutum ya kwanta rigingine yana kallon azarar ɗakinsa. Wata za ta yi nata ya karkace gefe guda, wata ta yi rabi ta bar shi, wata ta jefa jan ƙyalle guda ɗaya a inda ido bai zata ba.

Sannan ku dubi yadda suke samun launi alhali ba su da kuɗin sayensa. Tsohon wandon jins ba kala ɗaya ba ne. Gwiwa ta koɗe ta yi fari-fari saboda durƙuso a gona. Idan ka ɓalle aljihun baya, wurin da ya rufe yana nan shuɗi shar kamar sabo, don rana ba ta taɓa ganinsa ba. Mace za ta farke wando ɗaya ta fitar da shuɗi iri huɗu ko biyar, ta san inda za ta ajiye kowanne. Wannan ba tsautsayi ba ne, ido ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen tela yana kallon yadda ake zaɓen zaren aiki ya san abin da nake nufi.

A farkon shekarun 1940 wata mata, Missouri Pettway, ta rasa mijinta Nathaniel bayan doguwar jinya. 'Yarta Arlonzia ta ba da labarin cewa mahaifiyar ta tattara kayan aikinsa na gona, suka farke su tare, ta ɗinka bargo da su don ta riƙa lulluɓa tana tunawa da shi. Ba shi da wani kaya mai yawa, kusan duk abin da ya mallaka ya shiga bargon nan. Har yanzu bargon yana nan, ana ganin tabon ƙasa a inda gwiwoyin wandon suke.

Bari in ɗan ratse, saboda na san wani zai tambaya. Akwai masana da suka ce wannan salo na jera dogayen ƙyallaye yana da dangantaka da saƙar Afirka ta Yamma, inda ake saƙa yadi siriri-siriri a haɗa shi gefe da gefe, irin yadda masaƙanmu ke yin gwado da luru. Kamannin yana nan, ba musu, kuma da daɗin ji. Wasu masanan kuma suka ce a yi hattara: wanda ya farke ƙafar wando, dogon ƙyalle zai samu ko kakansa daga ina ya fito. Sai kuma labarin da ke yawo a intanet cewa wai bayi na ɓoye taswirar gudu a cikin zanen barguna. Masana tarihi sun bincika ba su sami hujjarsa ba. Tarihin matan nan na gaskiya ya ishe su, ba sai an ƙara masa gishiri ba.

Mu koma baya kaɗan, 1932. Farashin auduga ya faɗi warwas, laba ɗaya, wato kusan rabin kilo, ta koma wajen santi biyar. Ɗan kasuwar Camden da ke ba su bashi ya mutu, magadansa suka ce a biya. Aka turo mutane suka tsallako kogi suka bi gida-gida, iyalai sama da sittin. Alfadarai, shanu, kaji, garma, fartanya, masara, dankali, komai aka kwashe. A hunturun nan da ba don Red Cross ta kawo gari da abinci ba, da yunwa ta kashe mutane.

Wannan bala'in ne ya jawo hankalin gwamnatin Shugaba Roosevelt. A 1937 gwamnati ta sayi ƙasar, ta turo mai ɗaukar hoto Arthur Rothstein, wanda hotunansa na gidajen nan masu bangon jarida suka zagaya Amurka. Aka gina sababbin gidaje, aka kawo makaranta da asibiti, daga baya a shekarun 1940 aka sayar wa iyalai gonakin da bashi mai sauƙi. Ku lura da wannan sosai: jikokin bayin gandun sun zama masu ƙasar. A yankin da yawancin baƙaƙen fata 'yan haya ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya riƙe su a wurin lokacin da dubban mutane ke ƙaura zuwa biranen arewa, shi ya sa ɗinkin ya ci gaba daga kaka zuwa uwa zuwa 'ya ba tare da ya yanke ba. Ko da yake a 1949 da aka buɗe gidan waya, sai aka raɗa wa garin suna Boykin, sunan wani ɗan majalisa farar fata. Ba a tambayi mutanen gari ba, su ma ba su daina cewa Gee's Bend ba.

Mallakar ƙasar nan ta sake yin rana da aka shiga gwagwarmayar 'yancin zaɓe. A gundumar Wilcox baƙaƙen fata sun fi kashi saba'in cikin ɗari, amma har farkon 1965 babu ko mutum ɗaya cikinsu a rajistar masu zaɓe. Ɗan haya idan ya je yin rajista, mai gona zai kore shi da iyalinsa. Mutumin Gee's Bend kuwa ba mai korarsa daga gonarsa. Sai suka riƙa hawa jirgin fito suna zuwa Camden. A 1962 hukuma ta dakatar da jirgin. An ruwaito shugaban 'yan sandan gundumar na lokacin, Lummie Jenkins, yana cewa ba don su baƙaƙe ne aka rufe jirgin ba, don sun manta cewa su baƙaƙe ne. Ba rajistar zaɓe kaɗai wannan ya taɓa ba. Mai naƙuda, mai ciwo, mai zuwa kasuwa, kowa sai ya zagaya. Shekara 44 aka yi a haka.

A Fabrairun 1965 Martin Luther King ya zo garin cikin dare ana ruwan sama, ya yi musu jawabi a cocinsu. Da yawa daga cikin matan nan masu ɗinki sun bi shi zanga-zanga a Camden da Selma, wasu sun sha barkonon tsohuwa, wasu sun kwana a kurkuku. A watan Agustan shekarar aka sa hannu a dokar 'yancin zaɓe. Da aka kashe King a 1968, a kan keken gona aka ɗauki gawarsa a Atlanta, alfadarai biyu na ja. Mutanen Gee's Bend har yau suna alfahari da cewa daga garinsu aka kai alfadaran.

To ina ɗinki a cikin wannan duka? A ƙarshen 1965 wani limamin coci farar fata, Francis Walter, yana yawo a gundumar yana tattara bayanan mutanen da aka kora daga gonaki saboda sun yi rajista. Ya hango barguna a shanye a kan igiya a ƙofar wani gida, ya tsaya. Ya fara sayensu dala goma-goma, ana kaiwa New York ana gwanjonsu, kuɗin na dawowa ga matan. A Maris 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar gama-kai, Freedom Quilting Bee, cibiyarta a Rehoboth da ke kusa, Estelle Witherspoon ta jagorance ta shekaru masu yawa. Ga mata da yawa wannan ne karon farko da suka riƙe kuɗin da ba na tsinkar auduga ba. Aka sa wa gidaje famfo, aka sayi firji, aka tura yara makaranta.

Amma kasuwa tana da nata sharaɗi. Da manyan kantuna irin su Bloomingdale's suka ba da kwangila, so suke kowane bargo ya zama irin ɗan'uwansa, awo ɗaya, zane ɗaya, ɗinki a miƙe. Wato ainihin abin da ya sa bargunan suka ja ido tun farko, shi aka ce a bari. Matan da hannunsu bai bin layi sai aka ga aikinsu bai cika sharaɗi ba. A 1972 kamfanin Sears ya ba ƙungiyar kwangilar ɗinka rigunan filo da yadin kodiroi, wancan mai kauri da laushi mai layi-layi kamar kunyoyin gona. Aikin inji ne, iri ɗaya dubu-dubu, kusan shekara ashirin ana yi. Sai dai kowace rana akwai ragowar yadi a ƙasa: ja, ruwan zuma, kore, ruwan ƙasa. Matan suka riƙa kwashewa suna kaiwa gida suna rabawa 'yan'uwa. Da rana a ɗinka wa Sears abin da yake so, da dare a ɗinka yadda aka ga dama. Wasu daga cikin bargunan da aka fi yabawa a yau daga wannan shara suka fito.

A wajen ƙarshen shekarun 1990 wani mai tara kayan fasaha daga Atlanta, William Arnett, ya ga wani hoto da Roland Freeman ya ɗauka: wata dattijuwa, Annie Mae Young, tsaye kusa da bargo da aka shimfiɗa a kan tarin itacen girki. Tsofaffin jins ne kewaye, tsakiya kuma kodiroi ja da ruwan zuma kamar wuta. Ya bi sawu har ƙofar gidanta. Ita da farko ta zaci ma ta ƙone shi, don a garin akan ƙona tsofaffin barguna hayaƙin ya kori sauro. Washegari ta lalubo shi, ta ce ya ɗauka kyauta. Ya ƙi, ya rubuta mata cakin dubban daloli na wannan da wasu. Labari ya bazu a gari cewa ga wani farar fata yana biyan kuɗi a kan tsumma. Arnett da 'ya'yansa suka sayi ɗaruruwa.

A 2002 aka baje kolinsu a gidan kayan fasaha na Houston, daga nan sai Whitney a New York. Mai sharhin jaridar New York Times, Michael Kimmelman, ya sa su cikin mafi ban mamaki na fasahar zamani da Amurka ta taɓa samarwa, ya kwatanta su da aikin manyan masu zanen Turai irin su Matisse da Klee. Yabo ne babba, amma ni akwai abin da ke min ƙaiƙayi a cikinsa. Sai an kira sunan wani Bature kafin a yarda cewa abin da tsohuwa ta yi a ƙauye fasaha ce? Matan nan ba Matisse suka kwaikwaya ba, iyayensu mata suka gani. Bargon bai canza ba tsakanin igiyar shanya da bangon Whitney. Wanda ke kallo ne ya canza.

Daga nan abin ya zama kasuwa sosai. A 2003 matan suka kafa ƙungiyarsu ta sayarwa. A 2006 gidan wayan Amurka ya fitar da kan sarki guda goma masu hoton bargunansu. Zanukansu suka bayyana a kan darduma, zanen gado, katin gaisuwa da sauran tarkace. To kuɗin fa, ina yake zuwa? A 2007 Annie Mae Young da Loretta Pettway suka kai iyalan Arnett kotu, suna zargin ba a biya su haƙƙinsu ba, kuma an yi amfani da zanensu da sunansu ba da cikakken izininsu ba. Iyalan Arnett suka musanta, wasu matan garin da dama ma suka tsaya a bayansu. A 2008 aka rufe shari'ar ba tare da an bayyana wa duniya yadda aka daidaita ba.

Ba zan ce muku Arnett ɓarawo ne ba, ba kuma zan ce waliyyi ne ba. Da bai zo ba, wataƙila da yawan bargunan nan sun tafi a hayaƙin sauro. Amma ku dubi yadda cinikin yake. Ɓangare ɗaya ya san farashin New York, ya san lauyoyi, ya san abin da ake kira haƙƙin mallakar zane. Ɗaya ɓangaren kuwa mata ne da aka cire daga makaranta tun suna yara don tsinkar auduga, waɗanda duk rayuwarsu aka nuna musu cewa abin hannunsu tsumma ne. Ko da kyakkyawar niyya, wanda bai san darajar kayansa ba ba ciniki yake yi ba, karɓar abin da aka miƙo masa yake yi. Ga kuma dokar Amurka: idan ka sayar da aikin fasaharka sau ɗaya, ko an sake sayar da shi ninki ɗari, ba ka da ko sisi a ciki.

An ɗan gyara wasu abubuwa daga baya. Gidauniyar Souls Grown Deep, wadda Arnett ɗin ya kafa a 2010, ta ba babban gidan tarihi na Metropolitan a New York kyautar ayyuka 57 a 2014, ashirin daga ciki bargunan Gee's Bend ne. A 2015 Mary Lee Bendolph da Lucy Mingo da Loretta Pettway suka karɓi lambar girmamawa mafi girma da gwamnatin Amurka ke ba masu fasahar gargajiya. A 2020 gidauniyar ta fara ba masu aikin da ke raye kashi biyar cikin ɗari na kuɗin da ta samu idan ta sayar da aikinsu, abin da doka ba ta tilasta mata ba. Ta kuma taimaka musu wajen rajistar haƙƙin zanensu, ta yadda kamfanin da ke son buga shi a riga ko jaka sai ya nemi izini ya biya. Waɗanda suka ga hoton Michelle Obama da Amy Sherald ta zana a 2018, mai zanen da kanta ta ce rigar da ke jikin hoton ta tuna mata da bargunan matan nan.

Jirgin fito ya dawo a 2006, a 2019 ma aka mai da shi mai aiki da lantarki, irinsa na farko a Amurka. Sai dai ya dawo ya tarar da gari ya rage. Madatsar ruwa da aka gina a kogin ta riga ta cinye gonaki masu kyau, matasa sun tafi birane neman aiki, a ƙidayar 2010 mutanen garin ba su kai ɗari uku ba, kuma Wilcox na nan cikin gundumomi mafiya talauci a Alabama. A 2021 wasu daga cikin matan, da taimakon 'ya'ya da jikoki masu iya waya, suka buɗe shagunansu a dandalin Etsy. Kowace da shagonta, ita ke yanka wa bargonta farashi.

Nan za mu dakata a yau. Sai mun haɗu a shiri na gaba.